Babban Yatsan Yaya Issouf

Zuwan Kadidia na huɗu ke nan wannan biro, ofishin gwamnati da ke ajiye takardun mutane, kuma yau ma ma'aikacin wurin, Mushe Saidou, bai ɗago ya dube ta ba sai da ya shanye finjalinsa na shayi, ya goge gashin baki, ya gyara zaman takardun da babu abin da ya same su. Tana tsaye bakin tebur, mayafinta na warin man suya, don daga gindin kaskon fanke ta taso.

Abin da take nema ba wani abu mai yawa ba ne. Mijinta Amadou rijiyar zinariya ta rufta da shi a Djado wata bakwai da suka wuce. Ya bar ta da ɗiya ɗaya, Nafi, da gida mai ɗaki biyu da madafa a unguwar Dagmanet ta Agadas, wanda ya gina da hannunsa bulo bayan bulo. Ranar da ta fita takaba, wansa Issouf ya zo ya zauna a tabarma, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce mamacin ya sayar masa da gidan tun kafin ya tafi daji, takardar ma tana biro. Ita dai so take ta ga takardar nan da idonta.

"Madam, na gaya miki tun wancan sati," in ji Mushe Saidou. "C'est confidentiel. Sirri ne. Dosiyen takardun mutum ba ƙosai ba ne da kowa zai sa hannu ya ɗauka."

"Mushe, gidan mijina ne. A ciki nake kwana."

"To kawo takardar mutuwarshi."

"Rami ya rufe shi, Mushe. Ko gawa ba mu gani ba. Wa zai ba ni takarda?"

"Sai ki tahi ƙofa ta shida."

"Na tahi. Sun ce in kawo shaidar cewa ni mai gado ce. Masu shaidar gado kuma sun ce in kawo takardar mutuwa."

Ya buɗe hannuwa kamar mai roƙon ruwa. "Kin gani ke nan. Ba ni na yi doka ba. In mun buɗe wa kowa dosiye, gobe wani zai zo ya ce a nuna mishi naki. Za ki so haka?"

Ta ce ba za ta so ba. Ya karɓi takardun da ta zo da su, kowace fotokopi uku kamar yadda suka ce, ya zare ɗaya ya sa a dosiye, sauran biyun ya jefa cikin wani kwali a ƙarƙashin tebur ba tare da ya duba ba. Da ta bi hannunsa da kallo sai idonta ya faɗa kan ƙafarsa. Takalmin fata ne sabo ful, ja da kore, irin na badukan Agadas. Shekara goma tana ganin wannan ɗinki, ko cikin takalma dubu za ta gane shi. Issouf baduku ne, kuma ba ya ba ko uwarsa takalmi kyauta.

Ta yi godiya ta fita, ta tako da ƙafa har Dagmanet cikin rana.

Kwana biyu bayan haka aka aiko kiranta gidan surukarta, Inna Habsa, bayan la'asar. Ta iske tsakar gida cike, ƙannen uba da matan dangi da maƙwabta biyu da ba ta san me ya kawo su ba. Issouf na zaune a tsakiya da farar riga. Mutum ne mai taushin murya, irin waɗanda ba sa zagi, sai dai su yanka ka da bismilla.

"An ce kina yawon biro kina neman takarda," in ji shi. "To ga takarda Allah ya kawo muna har gida."

Ya zaro ta daga aljihu ya shimfiɗa a kan gwiwa, ya danne da babban yatsansa na dama. Duk Dagmanet an san yatsan nan. Wuƙar yankan fata ta tsaga shi tun yana saurayi, ya warke da rami a tsakiya kamar kofaton akuya.

"Jiya na sayi tsire, sai na ga an ƙunshe mini shi da wannan. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma na ga hoto, na ce wannan fuska ai ta gidanmu ce. Ke da kika yi lakwal, karanta muna."

Tun kafin takardar ta iso hannunta ta gane ta. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Lokacin an kwaso su daga garin Sabha, can hayin hamada, cikin kamiyo, babbar motar kaya, mata talatin da wani abu, aka sauke su a wannan babban gini mai ƙofofi da yawa. Wata madam mai tabarau ta zaunar da ita, ta ba ta ruwa mai sanyi, ta ce ta faɗi duk abin da ya same ta, magana ce tsakaninta da gwamnati, ba mai ji har abada. Ita kuwa yarinya ce lokacin, ta yarda. Ta faɗi yadda mai motar da ya yi mata alkawarin aikin gida ya kai ta wani gida aka kulle, wata huɗu, da abin da mazan da ke shigowa suka yi mata. Amadou ya san wannan, don ta gaya masa tun kafin a kai goro. Ya ce abin da ya faru cikin rairayi, rairayi ya rufe shi, bai ƙara tayar da zancen ba har ya mutu.

"Ba zan karanta ba, Yaya," in ji ta.

"To ni in faɗa."

Ya kuwa faɗa. Mutumin da bai san harafi ɗaya na Faransanci ba ya kawo magana layi bayan layi, har sunan unguwar, har adadin watanni, kamar mai tilawa. Mata suka rufe baki da mayafi amma kunnuwansu a buɗe. Kadidia ta kai takardar kusa da hanci. Akwai tabon mai a gefe, amma ba ƙamshin yaji, ba na ƙuli. Warin man shafa fata ne, wanda ke tashi daga rumfar Issouf kullum.

"Ni ban ce komi ba," ya ƙarasa da muryar tausayi. "Amma macen da ta yi wannan zama, wa zai rantse ɗiyar da ta haifa ta ƙanena ce?"

"Yaya, dubi shekarar da ke kan takardar. Nafi shekararta bakwai. Sai da na yi shekara uku a ɗakin babanta na haife ta."

"Wanda ya saba ai ya saba."

Ta juya wajen surukarta, matar da ta yi wa jinya wata biyu lokacin da ƙafarta ta karye, ta ɗauke mata fo, ta wanke mata zane. "Inna, ke kika yanke cibiyar Nafi. Ke kika ce kunnen babanta ta ɗauko."

Inna Habsa ta ƙura wa tasbaharta ido. "Ɗiyata, ni ba ni na faɗa ba, takarda ce ta faɗa. Gwamnati ba ta ƙarya. Da kin yi haƙuri kin zauna gida, da ba a kai nan ba."

Kafin magariba wani ya ɗauki hoton takardar da salula, kafin wayewar gari ta zaga Dagmanet ta haura har cikin tsohon gari. Ba wanda ya dubi shekarar. Mutane na son labari, ba su son lissafin da zai rage masa daɗi.

Daga nan kwanakinta suka fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Matan da suka shekara biyar suna aiko kwano a zuba musu fanke suka koma wajen wata can bayan famfo, wadda fankenta ke shan mai kamar soso. Maza kuwa ba su daina zuwa ba, sai dai salon zuwan ya sake. Wani mai kabu-kabu ya tsaya ya sayi na dala biyar, ya riƙe hannunta wajen karɓa, ya tambaye ta ko da rana tana gida. Ta kwashe kaskonta tun hantsi, ƙullun ya kwana ya yi tsami ta zubar wa awaki.

Sati na biyu Issouf ya zo da kwaɗo biyu ya kulle ɗakunan. Ya ce ba korarta ya yi ba, Allah ya kiyaye, shi mai zumunci ne. Alhaji Gambo mai zinariya ne zai sayi gidan, kuma ba ya son ya zo duba ɗaki ya iske kayan mata. Ya ce ta zauna a madafa kafin azumi ya kama, sati shida ke nan, ai ya yi mata adalci. Ita da Nafi suka koma kwana tsakanin murhu da randa, a ɗakin da hayaƙi ya mayar da rufinsa baƙi ƙirin.

A gidan suna na dangi aka ba ta ruwa a wani kofin roba daban, ta ga an ajiye shi can gefe bayan ta sha. Ta je wajen ƙanen uban mijinta, tsohon da ya karɓa wa Amadou aurenta, ya ce shi yanzu ciwon suga ya hana shi shiga magana. Ta je wajen maƙwabciyarta da suke adashin sabulu tare, ta ce mijinta ya ce kada ta ƙara shiga gidan, amma wallahi a zuciya tana tare da ita. Kowa da uzurinsa, kuma kowane uzuri da sunan Allah a bakinsa.

Duk wannan ta shanye. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne ranar da Nafi ta dawo daga lakwal ba ta ajiye allonta ba, ta tsaya bakin madafa ta ce, "Mama, mi ne ne Sabha? Yara sun ce can babana yake."

Kadidia ta wanke mata fuska, ta ba ta abinci, ta ce babanta na Aljanna in Allah ya yarda. Da yarinyar ta fita wasa sai ta zauna a kan turmi. Ba ta yi kuka ba, kukan ya riga ya ƙare tun a takaba. Abin da ta ji ƙiyayya ce, tsantsa, mai sanyi, har ta ji daɗinta a ƙirji. Ta so ta ga Issouf ya rasa inda zai sa fuskarsa a garin nan kamar yadda ta rasa. Ba ta roƙi Allah ya cire mata wannan ba, roƙonta ya ba ta hanya.

Hanyar kuwa Issouf ne ya ba ta da bakinsa. Ƙaryar tsiren nan ta shiga kunnen mutane ne saboda kowa a Agadas ya taɓa cin nama a takarda mai tambarin gwamnati. To daga ina masu tsire ke samunta? Sai ta tuna kwalin da ke ƙarƙashin teburin Mushe Saidou, inda fotokopi biyu cikin uku ke faɗawa.

Da hantsi ta iske Illiya mai tsire yana jera nama a tsinke bakin tasha. Abokin Amadou ne tun suna yara.

"Maman Nafi, wallahi ba daga wajena takardar nan ta hita ba," ya riga ta magana. "Issouf ko tsinke ɗaya bai taɓa saye nan ba. Mutumin da ke jiƙa busasshen burodi a shayi?"

"Na sani, Illiya. Ina kake samun takardar ƙunshi?"

Ya dubi hagu da dama. Ya ce wajen tsohon masinjan biro yake samu. Duk takardar da ta yi yawa, da wadda ruwa ya taɓa a ma'aji, yana cusawa a buhu, ranar Asabar da safe in ba ma'aikata ya fitar ta ƙofar baya. Masu tsire da masu gyaɗa da masu ƙosai duk wajensa suke saye.

"Abin da suka hana ni gani a tebur, suna sayar da shi a buhu," in ji ta.

"Da kilo ma," in ji Illiya.

Ta sayar da sarƙar azurfar da Amadou ya kawo mata ranar sunan Nafi. Asabar ta farko ta riga kowa zuwa ƙofar baya, ta kwashe buhu uku a amalanken jaki. Tsohon masinjan bai tambaye ta komai ba, sai ma ya yi mata addu'ar Allah ya sa albarka a sana'a.

Lakwal ɗinta aji shida ne, karatunta a hankali yake, da yatsa. Tana gama sallar walha sai ta ja buhu bakin ƙofar madafa inda haske yake, ta fara zarowa ɗaya ɗaya. Nan ta ga Agadas tsirara. Ga wanda ya saki matarsa ya ɓoye wa dangi, ga malamin da aka kora daga aiki yana cewa murabus ya yi, ga sakamakon gwajin jini da suna da hoto, ga matan da aka kwaso tare da ita daga Sabha, waɗanda yanzu wasunsu hajiyoyi ne masu jikoki. Duk an ce musu sirri ne. Wadda ta gama dubawa sai ta tura ta murhu.

A buhu na biyar ta ci karo da sunan da ta sani. Rukayya, babbar ɗiyar Issouf, wadda aka ce ta tafi garin Tawa jinyar gwaggonta shekara biyu da suka wuce. Takardar ta nuna ba jinya ta je ba, kuma ta nuna inda aka bar jaririn. Watan gobe za a ɗaura wa Rukayya aure.

Kadidia ta ninke takardar ta sa a lalitarta. Kwana uku tana yawo da ita a ƙugu, tana jin ta kamar garwashi. Hoto ɗaya da salula ya isa, kafin la'asar gidan Issouf ya rushe. Ta tsara yadda za ta yi, har ta zaɓi matar da za ta fara nuna wa, wadda bakinta ba ya riƙe ruwa. Wanda duk ya ga abin da aka yi mata ba zai ga laifinta ba. A rana ta uku Rukayya ta wuce ta ƙofar gidan da tulu, ta waiga ta ga ba kowa, ta ce a hankali, "Ina wuni, Tanti," ta yi sauri ta wuce. Ita kaɗai ce a gidansu ke gaishe ta har yanzu. Kadidia ta koma madafa ta daɗe a tsaye, sannan ta cusa takardar ƙarƙashin tukunya, tana kallo har ta zama toka. Ba don ta huce ba ne. Uban take so, ba ɗiyar ba.

Sati huɗu suka wuce, idonta ya yi ja, yatsunta suka yi baƙi da ƙurar takarda. Alhaji Gambo ya zo da magini suka auna bango tana zaune. Saura kwana tara azumi, a buhu na goma sha ɗaya, ta zaro wata takarda da ta manne da wata. Sunan Amadou ne a sama, da lambar fili, da Dagmanet. Takardar sayarwa ce, ga tambari, ga sa hannun Mushe Saidou a matsayin shaida. A ƙasa, inda mai sayarwa ke sa hannu, an dangwala yatsa.

Amadou bai taɓa dangwala yatsa ba a rayuwarsa. Ya yi kolej shekara biyu, yana da sa hannu mai wutsiya da yake alfahari da shi, shi ke cika wa rabin unguwa takardu. Ta matsa da takardar cikin rana. Zanen yatsan ya fito sarai, kuma a tsakiyarsa ga farin layi ya raba shi biyu daga sama har ƙasa, kamar kofaton akuya.

Dariya ta kama ta har ta riƙe ciki. Issouf da ya saba duk inda ya je sai a miƙo masa tawada ya dangwala, bai ma tsaya tunani ba. Me zai sa ya yi tunani? An gaya masa dosiye sirri ne, ba mai gani.

Ba ta kai wa alƙali ba tukuna, ba ta kai wa dangi ba. Ta san yadda takarda ɗaya ke ɓacewa a hannun manya. Ta tafi shagon fotokopi na bakin kasuwa ta ce a buga mata ɗari biyu, a ƙara girman wajen yatsan har ya kai tafin hannu. Ranar Alhamis ta jiƙa fulawa fiye da yadda ta taɓa jiƙawa, ta zuba sukari ba ƙwauro.

Ranar Juma'a, ana sallamewa, mutanen Dagmanet suka fito suka iske ta a ƙofar masallaci da manyan kwanoni biyu, Illiya na taya ta miƙawa.

"Sadaka ce ta marigayi Amadou," take cewa. "A sa shi a addu'a."

Mutum na iya ƙin sayen fankenki, amma ba ya ƙin sadakar mamaci a ƙofar masallaci, idon liman na kansa. Kowa ya karɓa, fanke uku uku, da zafinsu, a ƙunshe. Har Alhaji Gambo ya karɓa, har Issouf, wanda ya ɗaga murya ya ce Allah ya jiƙan ƙanensa.

Ta ƙunshe su yadda yatsan zai kalli mai ci. Wani tela ne ya fara tsayawa da tauna. Ya juya takardar, ya miƙa wa na kusa da shi. Wani malamin lakwal ya karanta Faransancin da ƙarfi, ya fassara, ya ce, "Amadou da yatsa? Amadou da ya cika mini takardar neman aiki?" Sauran ba su buƙaci fassara ba. Wannan rubutu ne da ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai karanta. Surutu ya ɗauke, kawuna suka fara juyawa wuri ɗaya.

Issouf ya dubi takardar da ke hannunsa, babban yatsansa na danne da gefenta, dab da hotonsa. Ya saki fanken ya faɗi ƙasa, ya tura hannun cikin aljihu.

Mai unguwa, tsoho mai son raha, ya tako a hankali ya miƙa masa hannu. "Issouf, yau ba mu gaisa ba. Kawo hannu mana."

Hannun bai fito ba. Alhaji Gambo ya ninke tasa takardar da kyau ya sa a aljihun gaba, ya ce shi zinariya yake haƙa, ba rigimar marayu ba, ya shiga motarsa.

Da la'asar Issouf ya faɗo gidan, Inna Habsa na biye da shi tana dogara sanda. Taushin muryar nan duk ya tafi.

"Kin tona asirin gida a ƙofar masallaci. Takardar gwamnati ce, sirri ce, ina kika same ta? Sai na sa an ɗaure ki."

Kadidia na kankare kasko, ba ta tashi ba. "Ni ban ce komi ba, Yaya. Takarda ce ta faɗa. Na sayi takardar ƙunshi, Allah ya kawo ta har gida."

"Ɗiyata, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," in ji Inna Habsa. "Wan mijinki ne. Da kin kira mu cikin ɗaki."

"Inna, ranar da aka karanta tawa, a ɗaki aka yi?"

Kadidia ta ajiye kaskon, ta wanke hannu, ta matso kusa da Issouf yadda shi kaɗai zai ji.

"Akwai wata takardar da na gani a buhu, ta gidanka. Ta garin Tawa. Ba ta hita daga bakina ba, kuma ba za ta hita ba, na ƙona ta. Amma ka san su Mushe, komi uku suke karɓa. Ban san inda sauran suke ba. Kai da ke sayen tsire, sai ka riƙa dubawa."

Ta ga yadda fuskarsa ta zube, ta ga har ya dafa bango, kuma ba za a ɓoye ba, ta ji daɗi har cikin ƙashinta. Ya laluba aljihu da hannun hagu ya ajiye makullai biyu a kan turmi. Ya fita bai jira uwarsa ba.

Maganar ta je gaban alƙali bayan salla, aka soke takardar sayarwa, aka fitar wa Inna Habsa da kowane magaji kasonsa kamar yadda shari'a ta raba, gida ya tsaya a hannun Nafi da uwarta. Mushe Saidou an ɗauke shi daga ƙofa ta uku an mayar da shi ƙofa ta tara, yana nan yana shan shayinsa yana gaya wa mutane sirri ne. Takardar Kadidia kuwa tana cikin salular mutane har yau, ba alƙalin da ya isa ya soke ta. Wasu matan sun dawo da kwanoninsu, wasu ba su dawo ba, kuma ba wanda ya zo ya ce ta yafe masa.

Issouf ya ɗaure babban yatsansa da tsumma, ya ce ƙaya ce ta soke shi. Shekara ta zagayo ƙayar ba ta fita ba. Duk wanda ya ba shi hannu sai ya saci kallon tsumman, yara kuma in sun ga akuya sai su ce ga mai sa hannu. Kowace Asabar da safe ana ganinsa a ƙofar bayan ginin nan, yana rige-rige da masu tsire wajen sayen buhu. Ba ya iya karanta ko layi ɗaya, kuma ba shi da wanda zai amince ya ba ya karanta masa, sai ya kwashe ya kai bayan gari ya cinna wuta.

In ya makara, Kadidia ta riga shi. Da takardun take hura wutar kaskonta kowace safiya, fankenta kuma yanzu a takardar buhun siminti take ƙunshe shi. Wani lokaci sukan haɗu a ƙofar bayan, ita da buhunta a amalanke, shi da hannunsa a aljihu. Takan gaishe shi da ladabi, ta ce, "Ina kwana, Yaya. Yaya yatsa?"